Gerrit a Benci na Bakwai

Gerrit Dykhuizen ya dawo garinmu wata Talata a watan Satumba, shekara biyu da wata uku bayan rasuwarsa, a cikin motar gidan waya. Matarsa Arlys, wadda yayata ce, ita ta sa hannu ta karɓe shi a bakin ƙofa. Ɗan akwati ne baƙi na roba, bai fi girman burodi ba, an manna masa farar takarda a gefe da sunan mai shi, ba kuskuren ko harafi ɗaya. Jaridar garinmu ba ta taɓa iya wannan ba lokacin yana da rai.

Ga yadda aka yi. Gerrit manomin masara ne, marar surutu, irin mutumin da za ka yini da shi a gona ka koma gida da kalma shida. 'Yarsu tilo, Joanne, ta rasu tana shekara tara, da wani ciwon zuciya da likitocin wancan lokaci suka kasa gane kansa. Bai taɓa yin maganarta a gaban mutane ba. Abin da ya yi shi ne, ya sa hannu a takarda cewa in ya mutu a ba da gawarsa ga makarantar likitoci ta jiharmu, ɗalibai su koyi aiki a kanta. Sun kuwa koya. Da suka gama suka ƙone abin da ya rage, kamar yadda takardar ta ce za a yi, suka aiko da tokar tare da wasiƙar godiya.

Abin da Arlys ke so ba shi da yawa. Tana so a binne akwatin nan a makabartar coci, kusa da Joanne, a gurbin da suka keɓe wa Gerrit shekara talatin da biyar da suka wuce. Tana kuma so a yi kafin ƙasa ta daskare da sanyin hunturu, domin daga tsakiyar Nuwamba makabartarmu ba ta haƙuwa sai Afrilu.

Ni sunana Delmar Hoekstra. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ni ne sakataren majalisar dattawan cocinmu. An zaɓe ni saboda na je jami'a kuma rubutuna yana karantuwa. Ba wanda ya taɓa zargina da cewa ina da ra'ayi.

Mu mutanen garin Veldkamp muna son Littafi Mai Tsarki ya yi magana. In ya yi magana, mun huta. In ya yi shiru, sai mu kafa kwamiti. Haka aka yi da wasan karta, haka aka yi da injin tatsar madara mai aiki ranar Lahadi, haka aka yi da rawa a bikin aure. Kwamitin rawa ya yi shekara huɗu yana nazari. Kafin ya kawo rahoto, waɗanda suka nemi izinin sun haifi 'ya'ya biyu, gwiwar angon kuma ta lalace.

Majalisa ta zauna kan buƙatar Arlys ranar Litinin da ƙarfe huɗu na yamma, a ɗakin ƙasa na coci, mu tara da butar kofi. Na karanta wasiƙarta, layi biyar. Sa'annan na karanta dokar makabarta, sakin layi na uku, wadda kakanninmu suka rubuta: a kwantar da mamaci kai yamma, ƙafa gabas, domin ranar tashin matattu ya miƙe yana fuskantar Ubangiji da zai ɓullo daga gabas.

"Ni tambaya ɗaya gare ni," in ji Harlan Vande Brake, babban dattijonmu, mai alade dubu goma sha biyu. "Ina kansa?"

"Kan wa?" in ji Domini Kooiman. Domini muke kiran fasto, kamar yadda kakanninmu suka kira nasu a Holanda. Wannan shekararsa talatin da huɗu, kuma har yanzu yana zaton in an yi tambaya a ɗakin nan amsa ake nema.

"Kan Gerrit mana. Doka ta ce kai yamma, ƙafa gabas. A nuna mini kan, a nuna mini ƙafar, ni da kaina zan ɗauki shebur."

Domini ya buɗe takardunsa. Ya yi mako guda yana bincike, abin tausayi. Ya ce ya sami binnewa da yawa a Littafi, ya sami ƙonewa kaɗan, wasu na hukunci, wasu ba na hukunci ba. Ya tuna mana da masu bi da aka ƙone saboda bangaskiyarsu, da waɗanda teku ta ci. Ya ce iyakar abin da ya iya gani, Littafi bai hana ba.

"Bai kuma umarta ba," in ji Harlan.

"Gaskiya ne. Shi ya sa nake ganin wannan magana ce ta lamiri, kowa da..."

"Yauwa, Domini, ka zo wurin." Harlan ya ajiye kofinsa a hankali. "Kai ka koya mana, in abu bai haramta ba, amma yana sa ɗan'uwa mai raunin bangaskiya tuntuɓe, mai ƙarfi shi ke haƙuri. To ni ne ɗan'uwan nan. Ni mai rauni ne. In aka binne toka a makabartar nan, zan yi tuntuɓe."

Na ɗaga kai na dube shi. Tsayinsa ya kusa taɓa katakon ƙofa. Shi ya yi wa cocin sabon rufi, shi ya sallami fastoci biyu. A shekara goma sha ɗaya na rubuta rauninsa sau bakwai a littafin taro, kuma duk sau bakwai ɗin raunin ne ya yi nasara. Ban taɓa ganin rauni mai ƙoshin lafiya irin wannan ba.

Akwai wani abu da na sani game da sakin layi na uku, wanda ba wanda ya sani a ɗakin sai ni. Na buɗe baki, na cika shi da kofi, na rufe.

Aka kafa kwamitin nazari na mutum uku: Harlan shugaba, Domini, da ni. Rahoto a watan Mayu. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, na ɗaga na hagu, saboda na dama yana rubutu.

Na tarar da Arlys a kicin tana fere tuffa. Akwatin yana kan tebur, a gefen da Gerrit ya saba zama.

"Mayu," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kai kuma fa, Farfesa? Me ka ce musu?"

Tun ranar da na tafi jami'a take kirana Farfesa, kuma ba ta taɓa nufin yabo da shi ba.

"Ni sakatare ne, Arlys. Rubutu nake yi."

"Hannunka ya tashi ko bai tashi ba?"

"Ya ɗan tashi."

"Ya ɗan tashi." Ta jefa ɓawon a kwano. "Ni na wanke maka gindi kana jariri, ka ji? Ban ɗan wanke ba. To yanzu ina suka ce in ajiye shi har Mayu?"

"Ba su ce ba."

"Ba su ce ba. Madalla. Ɗauki tuffa ka tafi, kana tare mini haske."

Ranar Lahadi ta shigo sujadar safe da rigarta shuɗiya, jakarta a hannu ɗaya, Gerrit a ɗaya hannun. Ta wuce kai tsaye zuwa benci na bakwai a hagu, inda suka zauna shekara arba'in da biyu, ta ajiye shi a ƙarshen bencin ta bakin hanya, wurinsa, ta zauna kusa da shi ta gyara siket. Mu a cocinmu kowa yana shiga da alewar na'ana'a guda uku, ɗaya ga kowane sashe na wa'azi. Da ita ake auna Domini: in ta ukun ta narke bai ce amin ba, za a yi maganarsa a teburin abincin rana. Arlys ta jera uku a cinyarta, ta jera uku a kan akwatin. Ta sha nata, ta sha nasa. Daga baya ta ce mini ɓarna ba kyau.

Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya suka yi waƙa a ranar ba wanda ya kalli littafin waƙa. Domini ya ɓata a sashe na biyu na wa'azinsa, ya dawo ta na ɗaya.

Bayan an tashi, tsoho Wendell mai ƙirga masu sujada ya tare ni a baranda, fensir a bayan kunne.

"Delmar, in ƙirga shi?"

"Me takardarka ta ce?"

"Ta ce duk wanda ya zauna a benci."

"To ai a benci yake."

Ya rubuta ɗari biyu da goma sha biyu. Ita ce kaɗai ƙaruwar da cocinmu ya samu a shekarar.

Haka aka yi Lahadi shida. Iyali biyu suka bar benci na takwas suka koma baya. Wata mata ta rubuto wa majalisa cewa jikarta tana tambayoyi, kamar dai tambaya wata cuta ce da ake ɗauka a coci. Amma a Lahadi ta huɗu wani ya riga Arlys zuwa ya buɗe littafin waƙa ya jingina shi a gaban wurin Gerrit, kuma a ta biyar na ji da kunnena matar Wendell ta ce, "Ina kwana, Arlys. Ina kwana, Gerrit." Ranar jibin Ubangiji, da ake raba gurasa a coci, dattijon da ke zagayawa da faranti ya tsaya a benci na bakwai ya rasa ta inda zai miƙa, domin ka'ida ita ce a ba na bakin hanya ya wuce da shi. Arlys ta miƙa hannu ta kan akwatin ta karɓa, ta ce da ƙarfi yadda benci uku za su ji, "Ya ƙoshi."

Kwamitinmu kuwa ya zauna sau ɗaya. Muka amince da ranar zama na biyu.

A ƙarshen Oktoba Harlan ya ce a kai mata ziyarar dattawa. Al'adarmu ce: dattawa su je gidan mutum da rana, a ba su kofi, su tambayi lafiyar ruhunsa, shi kuma ya ce lafiya. Muka je ranar Alhamis da ƙarfe goma, mu uku. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta yanka kek ɗin almond, ta ajiye kujeru biyar. Harlan ya ja ta kan tebur zai zauna.

"Da mai ita," in ji Arlys.

Ya duba, ya ga akwatin a kai, ya koma ta gefe.

Domini ya yi addu'a. Harlan ya ci kek yanka ɗaya, domin ba a fara faɗa a Veldkamp kafin a ci kek. Sa'annan ya goge baki.

"'Yar'uwa Arlys, abin da kike yi ranar Lahadi ya isa haka. Gidan Allah ba wurin wasa ba ne."

"Wa ke wasa? Mutumin nan shekara arba'in da biyu bai fasa sujada ba. Kun ce ba ku san inda za a sa shi ba sai Mayu. Ni na san inda yake zama."

"Ba a kawo mamaci coci kowane mako."

Ta miƙa hannu kan firij ta sauko da babban Littafin gidan, wanda sunan Joanne ke rubuce a shafin farko, ta tura masa har ya bugi faranti.

"Nuna mini."

"Arlys..."

"A'a, nuna mini. Ga tabarau in ka manta naka. Domini, taimaka masa, kai ne ka yi karatun. Ina aka ce kada gwauruwa ta zo coci da akwati?"

Domini ya dubi kek ɗinsa. "Ba a ce ba."

"Ba a ce ba! To shirun da ya hana ni rami, shi ne ya ba ni benci. Shiru ɗaya ne, Harlan. Ba za ka yanka shi biyu ka ɗauki mai tsoka ba."

"Ba kowane abu da ba a hana ba ne ake yi."

"Haka ne. Ba a kuma umarci kowa ya tara alade dubu goma sha biyu a kudu maso gabas da gari ba, inda iska ke kaɗowa ranar da na shanya wanki. Wane kwamiti ya zauna a kan wannan?"

Na sunkuya ina rubutu. Abin da na rubuta shi ne: an tattauna.

"Na faɗa a majalisa," in ji Harlan, muryarsa ta yi ƙasa, "lamirina ba zai ɗauka ba. Ni ɗan'uwa ne mai rauni a wannan magana."

"Kai? To bari mu auna. Shekarata sittin da tara. Na binne 'ya, na ba da miji aka yanka shi gunduwa-gunduwa don kada 'yar wani ta mutu yadda tawa ta mutu, aka dawo mini da shi a cikin abin da bai kai kwandon ɗinkina ba. Ina kwana da shi a kan durowa. In ana rabon rauni a cocin nan, Harlan, bi layi. Kana bayana."

 Harlan ya dubi hannayensa. Da ya yi magana, ba muryar majalisa ba ce.

"Verna tana kabari na uku daga Joanne," ya ce. Verna matarsa ce, ta rasu shekara uku da suka wuce. "Ni na zaɓa mata riga. Ni na tsaya na ga an kwantar da ita daidai, fuskarta gabas. Kullum in na je, abin da nake riƙewa ke nan: tana nan, gaba ɗayanta, tana jira, ranar nan za ta miƙe ta gan Shi. In kuwa toka ma ta isa, in duk ɗaya ne, to me na tsaya ina yi?"

Ban taɓa jin Harlan ya faɗi rauninsa na yarda ba sai ranar. Arlys ma ta ji. Ta ƙara masa kofi, ta tura masa sukari.

"Ka yi abin da ya kamace ka, ka yi shi da kyau," ta ce. "Gerrit ma ya yi nasa. Wanda ya yi mutum da ƙura tun farko, toka ba za ta ba Shi wahala ba. Maganar gabas kuma, kwantar da hankalinka. Shekara arba'in da biyu ni ke tashin mutumin nan da safe. In ƙaho ya busa ya miƙe yana kallon yamma, ni zan juyo shi."

Domini ya yi dariya, ya mai da ita tari. Harlan bai yi ba. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Kwamiti zai kawo rahoto a Mayu," ya ce.

"Allah ya ba kwamiti lafiya," in ji Arlys. "Tafi da sauran kek ɗin."

Ya kuwa tafi da shi.

A mako na biyu na Nuwamba rediyo ta ce sanyi mai tsanani zai sauko daga arewa ranar Lahadi, ba zai ɗaga ba. Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe ina gyara takardun jarrabawa, sai na ji hon a ƙofar gida. Arlys ce a tsohuwar motar gonar Gerrit. Shi yana kujerar gaba, ta ɗaura masa bel. A baya akwai dagi da shebur.

"Shiga, Farfesa."

"Ina za mu?"

"Kasuwa, sayen alewa. Ina kake zato? Yau ce ta rage. Gobe Lahadi, ba na haƙa rami ranar Lahadi, wannan kam an rubuta. Jibi ƙasa ta zama dutse."

"Arlys, ina cikin kwamitin."

"Na sani. Kafaɗata ba ta ɗaga dagi. In ba ka zo ba zan tona da cokali, a zo a same ni a can, ka rubuta a littafinka cewa an tattauna."

Na tsaya a bakin ƙofa da jan biro a hannu. Shekarata hamsin da shida, kuma iyakar abin da na taɓa karyawa a rayuwata shi ne alli. Na koma ciki na sa takalman aiki. Da na dawo ta ce in zauna a tsakiya, wurin taga na Gerrit ne.

Makabartar tana kan tudu a bayan coci. Dutsen Joanne ƙarami ne, fari, da ɗan rago a sassaƙe a kai. Na cire ciyawa a gefensa na fara sara. Saman ƙasar ya riga ya yi ɓawo, amma ƙarƙashi da laushi. Kafin in kai zurfin gwiwa hannayena sun yi bororo, Arlys kuma tana tsaye da akwatin a ƙirji tana gaya mini cewa da Gerrit ne, da ya gama tun ɗazu har ya kafa shinge.

Ramin ya kai cinya sa'ad da motar Harlan ta tsaya a ƙofar makabarta. A Veldkamp ba a buƙatar kiran kowa. Tagogi suna aikinsu.

Ya tako a hankali har bakin ramin. Bai dubi Arlys ba, ni ya duba.

"Delmar. Kai sakataren majalisa ne."

"Har zuwa Litinin, ina zato."

"Fito daga ramin nan. Doka ce, kai ka karanta mana ita da bakinka. Kowa a tudun nan fuskarsa gabas, mutum ɗari huɗu, tun kakanninmu. Ba za a fara ɓata layi a kaina ba."

Na jingina da dagin. Numfashina bai dawo ba tukuna, wataƙila shi ya sa ban sami damar yin shiru ba.

"Harlan, ba wanda ke kallon gabas a nan."

"Me ka ce?"

Na gaya masa abin da na haɗiye a majalisa. Shekara shida da suka wuce, da aka sa ni rubuta tarihin coci, na karanta littattafan taro na farko. Mutumin farko da aka binne a tudun nan, an binne shi kwana huɗu kafin Kirsimeti. Ba su da abin awo. Suka fito da sassafe, suka ga inda rana ta ɓullo, suka ce nan ne gabas, suka miƙe shi. Duk wanda ya biyo baya an jera shi da na kusa da shi. To rana a ƙarshen Disamba, kowane manomi ya sani, ba daga gabas take fitowa ba. Ta karkata kudu sosai. Na ciro wayata, na buɗe kamfas mai nuna gabas da yamma, na ɗora ta a kan dutsen Joanne, na nuna masa.

"Ga gabas can, wajen hasumiyar ruwa. Su kuwa can suke kallo."

Ya bi yatsana da ido, ya haye gonar waken Wendell, ya sauka a kan dogayen rufin kwano guda shida masu walƙiya. Ɗakunan aladunsa ne.

Ya karɓi wayar daga hannuna ba tare da ya tambaya ba. Ya tafi kabari na uku, ya ɗora ta a kan dutsen Verna, ya juya ta, ya sake juyawa, ya girgiza ta kamar agogon da ya tsaya. Sa'annan ya tsaya kawai, babban mutum, hannaye a sake.

"Shekara shida kana riƙe da wannan," in ji Arlys a hankali tana kallona, "sai yau ka ga damar jefa shi a kan matar mutum? Kai dai ba ka iya lokaci ba, ko na shiru ko na magana." Ta ɗaga murya. "Harlan! Ubangiji zai nemo ta. Ba Ya aiki da taswirarmu. Ni ma zan taya ka juyo ta, ai kusa muke."

Ya dawo ya miƙo mini wayar. Idanunsa sun yi ja, amma haɓarsa tana inda take kullum.

"Har yanzu ban yarda ba," ya ce.

"Ba wanda ya ce ka yarda," in ji Arlys. "Matsa, kana tsaye a kan ƙasar da zan mayar."

Ya matsa. Bai tafi ba, bai kuma taɓa shebur ba. Ta durƙusa da ƙyar, ta miƙo mini akwatin, na sa shi a ƙasan ramin. Ta leƙa.

"Juya shi. Takardar sunan ta kalli Joanne."

"Wannan arewa ke nan," in ji Harlan, domin ba zai iya bari ba.

"Wannan 'yarsa ke nan," ta ce.

Ta zaro alewa uku daga aljihu ta jefa a ciki. Ta yi addu'ar da kanta, gajeriya, ba ta roƙi gafarar komai ba. Da na ɗaga kai na ga hular Harlan a hannunsa. Ya lura na gani, ya mayar da ita. Na mayar da ƙasa, Arlys ta tattake ta da takalmin coci. Ranar Lahadi da rana sanyin ya sauko kamar yadda aka ce, kafin Litinin tudun ya zama dutse.

A zaman Litinin aka sauke ni daga sakatare, ƙuri'a biyar da uku. Ni na rubuta sakamakon, domin ba a riga an zaɓi wanda zai gaje ni ba, kuma na rubuta shi da kyau. Domini yana cikin ukun, hannunsa na dama ya ɗaga, har sama. Aka aika wa Arlys wasiƙar gargaɗi, ta manna ta a firij da maganaɗisu kusa da ta godiyar likitoci. Maganar tone Gerrit ba wanda ya kawo ta. Ko Harlan ba zai haƙa daskararriyar ƙasa don ya fito da mutumin da bai san inda zai kai shi ba. Aka kuma kafa sabon kwamiti ya yi nazarin inda gabas take.

Lahadin da ta biyo, Arlys ta shigo hannu ɗaya da jaka, ɗaya ba komai. Ta zauna a benci na bakwai, ta bar wurin bakin hanya. Na zo wucewa zuwa wurina na baya, ta kama mini hannun riga.

"Zauna nan, Farfesa. Ka ga ba kowa."

Na zauna. Wendell ya zo da fensirinsa, ya dube ni, ya dubi bencin, ya rubuta ɗari biyu da goma sha ɗaya.